Launin fata da zaɓen 'yan wasa: Wa zai fito a matsayin Bayajidda?

Shin wajibi ne ɗan wasan kwaikwayo ya yi kama da mutumin da yake kwaikwaya a launin fata da asali, ko kuwa ƙwarewarsa kaɗai ta wadatar?

Wannan tambaya ta shafe shekaru masu yawa tana raba kan masu shirya fina-finai da wasannin dandamali a Amurka da Birtaniya, kuma a shekarar 2023 ta haddasa sa-in-sa tsakanin hukumomin Masar da kamfanin Netflix.

Mai yiwuwa wasu su ɗauka cewa matsala ce ta Turawa kawai. Sai dai a ƙasar Hausa akwai labarin da ke ɗauke da irin wannan tambaya tun daga tushensa, wato labarin Bayajidda, baƙon da aka ce ya taso daga Bagadaza, ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu a Daura, ya auri sarauniyar garin.

Duk mai shirya fim ɗin da ya ɗauko wannan labari, dole ne kafin ya kunna kyamara ya yanke hukunci kan fuskar da zai bai wa mutumin da Hausawa da dama ke ɗauka a matsayin kakan sarakunansu.

Yadda tsarin yake

A harkar fim da wasan dandamali akwai tsarin da ake bai wa ɗan wasa matsayi ba tare da an dubi launin fatarsa ko ƙabilarsa ba. A ƙarƙashin wannan tsari baƙar fata na iya fitowa a matsayin sarkin Ingila, ko kuma a ga uwa da ɗanta a cikin wasa alhali launinsu ya bambanta, ba tare da an yi wa 'yan kallo wani bayani ba.

Tsarin ya samo asali ne daga ƙoƙarin gyara wata tsohuwar rashin adalci. Shekaru aru-aru Turawa ne ke fitowa a matsayin kowa, har da baƙar fata, inda suke shafa baƙin fenti a fuska.

Ko a wasan Othello na William Shakespeare, wanda jaruminsa baƙo ne daga nahiyar Afirka, haka aka saba yi. Lokacin da Ira Aldridge, wani baƙar fata ɗan asalin Amurka, ya fito a wannan matsayi a gidan wasa na Covent Garden da ke Landan a 1833, jaridu sun yi masa ca, aka kuma dakatar da wasan bayan an nuna shi sau biyu kacal.

Fiye da shekaru 130 bayan haka, a 1965, fitaccen ɗan wasan Ingila Laurence Olivier ya fito a fim ɗin Othello da fuskarsa shafe da baƙin fenti.

Sannu a hankali abubuwa suka sauya. Daga shekarun 1950 Joseph Papp ya riƙa sanya baƙar fata a wasannin Shakespeare da yake shiryawa a birnin New York. A kakar wasanni ta 2000 zuwa 2001 kuma, David Oyelowo, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya fito a matsayin Sarki Henry na Shida a kamfanin wasan kwaikwayo na Royal Shakespeare, abin da ya sa ya zama baƙar fata na farko da ya fito a matsayin sarkin Ingila a wani babban wasan Shakespeare.

Bayan nan aka samu wasan Hamilton a 2015, inda baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka suka fito a matsayin mutanen da suka kafa ƙasar Amurka, sai kuma shirin talabijin na Bridgerton a 2020.

Masu goyon bayan tsarin na cewa mafi yawan manyan labaran da ake kashe wa kuɗi an rubuta su ne a kan Turawa, saboda haka idan aka dage kan kamanni, ƙwararren ɗan wasa baƙar fata zai ƙare rayuwarsa yana fitowa a matsayin bara ko direba.

Waɗanda ba su gamsu ba

Ba Turawa masu ra'ayin riƙau ne kaɗai ke adawa da tsarin ba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yi masa kakkausar suka shi ne August Wilson, marubucin wasan kwaikwayo baƙar fata ɗan Amurka.

A wani jawabi da ya gabatar a Princeton a 1996, Wilson ya yi nuni da cewa cikin manyan gidajen wasa 66 da ke wata ƙungiya ta ƙasar, ɗaya ne kawai za a iya kira na baƙar fata. A ra'ayinsa, abin da baƙar fata ke buƙata shi ne gidajen wasa nasu da kuɗin da za su ba da nasu labarin, domin sanya su a labarin wasu tamkar cewa ne ba su da tarihin kansu.

Muhawarar takan fi zafi idan labarin ya shafi mutumin da ya taɓa rayuwa. A watan Mayun 2023 Netflix ya fitar da wani shiri kan Sarauniya Cleopatra, inda Adele James, wata 'yar Birtaniya mai jinin baƙar fata, ta fito a matsayin sarauniyar. Ma'aikatar kula da kayan tarihi ta Masar ta fitar da sanarwa tana cewa Cleopatra fara ce mai kamannin Girkawa, kuma shirin ya gurɓata tarihi.

Ba wannan ne karo na farko ba. A 1984 Masar ta haramta fina-finan kamfanin Columbia bayan da aka nuna wani shiri kan Shugaba Anwar Sadat, wanda baƙar fata ɗan Amurka Louis Gossett Jr. ya fito a matsayinsa, duk kuwa da cewa mahaifiyar Sadat na da jinin Sudan.

A Najeriya ma an taɓa yin irin wannan. Kafin fitowar fim ɗin Half of a Yellow Sun a 2013, wasu sun tattara sa hannun jama'a a intanet suna adawa da bai wa Thandiwe Newton, wadda mahaifinta Bature ne mahaifiyarta kuma 'yar Zimbabwe, matsayin wata 'yar ƙabilar Ibo.

Abin da Bahaushe ya saba gani

Masu kallon fim a arewacin Najeriya sun daɗe da sanin wannan tsari, ko da ba su raɗa masa suna ba.

Anthony Quinn, wanda aka haifa a ƙasar Meziko, shi ne ya fito a matsayin Sayyidina Hamza a fim ɗin Ar-Risala na harshen Ingilishi, wanda Moustapha Akkad ya shirya a 1976. Shi ne kuma ya fito a matsayin Umar Mukhtar, malamin da ya jagoranci gwagwarmayar mutanen Libiya da 'yan mulkin mallakar Italiya, a wani fim da ya fito a 1981. Mutane da yawa a Kano da Katsina da Maraɗi, idan aka ambaci Umar Mukhtar, fuskar Quinn ce ke faɗo musu a rai.

Sai dai akwai abin lura a fim ɗin na Ar-Risala. Akkad bai nuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba. Ya kuma bai wa Johnny Sekka, wanda aka haifa a Dakar, matsayin Sayyidina Bilal.

Wato ya kau da kai daga asalin ɗan wasa a inda asalin bai shafi labarin ba, amma ya kiyaye shi a wurin Bilal, domin kasancewarsa baƙar fata ɗan asalin Habasha wanda aka bautar wani ginshiƙi ne na tarihinsa.

Wasannin gargajiya na Hausa ma ba su taɓa shardanta kamanni ba. A wasan tashe na watan azumi yaro ɗan shekara goma kan manna auduga a haɓa ya zama tsoho, 'yan mata kuma su fito a matsayin miji da mata a wasan Mairama da Daudu. A wasan gauta matan gidan sarauta ne ke kwaikwayon sarki da fadawansa, 'yan kama kuwa suna kwaikwayon malamai. Abin da 'yan kallo ke yabawa shi ne iya kama tafiyar mutum da muryarsa da halayensa.

Haka abin ya ci gaba bayan zuwan rediyo da talabijin. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda aka fi sani da Samanja Mazan Fama, Banufe ne daga gidan sarautar Pategi a jihar Kwara ta yanzu, amma har ya rasu a 2023 ana lissafa shi cikin iyayen wasan kwaikwayon Hausa.

Ali Nuhu, wanda aka naɗa shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya a 2024, an haife shi ne a Maiduguri, mahaifinsa ɗan jihar Gombe ne mahaifiyarsa kuma 'yar Borno. Hadiza Gabon kuwa a Libreville aka haife ta, kuma sai da ta zo Najeriya ta koyi Hausar da take fim da ita.

Abin da wannan ke nunawa shi ne, a masana'antar Kannywood harshe da sutura da ɗabi'a su ne ke mayar da ɗan wasa Bahaushe a idon mai kallo.

Gwajin da ke Daura

To me zai sa labarin Bayajidda ya zama daban?

Kamar yadda ruwayar da ta fi shahara ta nuna, Bayajidda ɗan sarkin Bagadaza ne da ya baro gida ya sauka a Borno, inda ya auri 'yar sarki. Da zama ya gagara sai ya gudu yamma, ya bar matarsa a Garun Gabas inda ta haifi Biram, ya biya ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, sannan ya isa Daura da dare.

A can ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, wadda ta shaida masa cewa ba a samun ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a, saboda wata macijiya da ake kira Sarki. Ya je ya kashe ta, ya kuma auri Magajiya Daurama. Ɗansu Bawo shi ne ya haifi waɗanda suka mulki Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano, waɗanda idan aka haɗa da Biram suka zama Hausa Bakwai.

Ruwayar ta bayyana inda ya fito da abin da ya aikata, amma ba ta tsaya siffanta launin fatarsa ba. Alamar baƙuntarsa da ta fi fitowa ita ce ta harshe, domin akan fassara sunan nasa da cewa "ba ya ji da", wato a da ba ya jin harshen mutanen garin.

Fim kuwa ba shi da damar yin shiru kamar yadda mai ba da labari da baki ke yi. Da zarar jarumin ya bayyana a majigi, an riga an ba shi launi.

Idan darakta ya ɗauko Balarabe fari sol, ya goyi bayan fassarar da ke cewa sarauta ta zo wa Hausawa ne daga waje. Masana tarihi irin su Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello sun ƙalubalanci wannan fassara tun a 1970, inda suka nuna cewa birane da sarautun ƙasar Hausa sun ginu ne sannu a hankali daga cikin al'ummar kanta. Shi kansa labarin ya tabbatar da cewa baƙon ya tarar da gari mai sarauniya, da maƙera masu sarrafa ƙarfe.

Idan kuma daraktan ya ɗauko Bahaushe baƙi, wasu za su ce ya kauce wa ruwayar da fadar Daura ta adana, wadda ta ambaci Bagadaza ƙarara.

Amma zama ɗan Bagadaza bai yanke hukunci kan launi ba. Ibrahim ɗan Halifa al-Mahdi, ɗan'uwan Haruna Rashid, wanda ya riƙe halifanci a birnin na ɗan lokaci daga shekarar 817, ya shahara da duhun fata.

Akwai kuma masu bincike, irin su W.K.R. Hallam a 1966, da suka danganta Bayajidda da Abu Yazid, wani Barbar da ya tayar wa daular Fatimiyya ƙayar baya a ƙasar Tunisiya ta yanzu, wanda ya mutu a 947. Littattafan tarihi sun nuna cewa an haifi Abu Yazid ne a kudancin Sahara, kuma mahaifiyarsa baƙar fata ce.

Ita ma Daurama ba ta tsira daga tambayar ba, domin wata ruwayar Daura na cewa kakannin sarauniyoyin garin sun taso ne daga ƙasar Kan'ana suka biyo ta Libiya.

Wurin da ya fi buƙatar taka-tsantsan shi ne matsayin Bagwariya, kuyangar da aka ce Daurama ta bai wa Bayajidda, wadda ta haifi Karɓagari. Ruwayar ta danganta zuriyarsa da ƙasashen da ake kira Banza Bakwai, waɗanda akan lissafa Zamfara da Kabi da Yawuri da Nufawa da Gwari da Yarabawa da Kwararrafa a cikinsu.

Al'ummomin waɗannan ƙasashe ba su taɓa jin daɗin wannan laƙabi ba. Idan fim ya nuna sarauniya fara, kuyanga kuma baƙa, ya ƙara wa labarin wani zargi da babu shi a asali, wato cewa daraja na tafiya da hasken fata.

Darasin fim ɗin Amina

An ga alamar yadda irin wannan taƙaddama za ta kasance a watan Nuwamban 2021, lokacin da Netflix ya fara nuna fim ɗin Amina, kan sarauniyar Zazzau ta ƙarni na 16.

Izu Ojukwu ne ya ba da umarni, Lucy Ameh ta fito a matsayin Amina, Ali Nuhu kuma na cikin manyan 'yan wasan. Fim ɗin ya lashe kyautar gwarzon fim a bikin AMVCA na 2022.

Duk da haka ya sha suka daga masu kallo a arewa. Abin da aka fi ƙorafi a kai shi ne yin fim ɗin da Ingilishi, da irin suturar da aka yi amfani da ita, da kaucewa tarihi, da kuma rashin bai wa wata daga cikin jaruman Kannywood matsayin sarauniyar.

Launin fatar jarumar bai zama abin magana ba, tun da ita ma baƙar fata ce 'yar Najeriya. Ƙorafin ya yi kama da na August Wilson: wa ke riƙe da kuɗin, wa ke rubuta labarin, kuma da wane harshe ake ba da shi?

Akwai misalin wata hanyar daban tun a 1976, lokacin da Adamu Halilu ya mayar da littafin Shaihu Umar na Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa zuwa fim. An yi shi ne da Hausa, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihu Umar, kuma bayan an gyara shi an sake nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018.

Farar mace a Kannywood

Kasancewar ƙabila ba ta hana kowa fitowa a fim ɗin Hausa ba ya nufin cewa masana'antar ba ta duba launi.

Harshen Hausa na da kalmomin bambance fata, daga fari zuwa wankan tarwaɗa zuwa baƙi, har da laƙabi irin su Jatau da Duna. Masu sharhi kan fina-finan Hausa sun daɗe suna ƙorafin cewa farar mace ce aka fi bai wa matsayin jarumar da ake rububi a kanta, yayin da baƙa kan ƙare a matsayin 'yar aiki ko ƙawar jaruma.

Wasu na danganta hakan da tasirin fina-finan Indiya, waɗanda gidajen sinima na arewa suka fara nunawa tun shekarun 1950. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubuce-rubuce da dama kan yadda salon waɗannan fina-finai ya shiga fina-finan bidiyo na Hausa, waɗanda aka fara da Turmin Danya a 1990.

Lamarin ya wuce batun nishaɗi. Alƙaluman da ake yawan ambata daga wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 sun ce kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na amfani da man bilicin. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana matsalar a matsayin ta gaggawa, saboda illar da sinadaran ke yi wa fata da ƙoda.

Saboda haka, idan akwai wurin da kau da kai daga launin fata zai fi amfani a Kannywood, to a labaran soyayya da na zamantakewa ne na yau da kullum, inda babu abin da ya wajabta cewa jarumar ta zama fara.

Zaɓin da ke gaban mai shirya fim

Hausawa kan ce kama da wane ba ta wane, kuma babu ɗan wasan da zai zama Bayajidda don kawai ya yi kama da Balarabe. Amma misalan Masar da na fim ɗin Amina sun nuna cewa idan labari ya shafi asalin al'umma, 'yan kallo kan ɗauki fuskar jarumi da harshensa a matsayin matsayar mai fim kan tarihinsu.

Mai son shirya wannan labari na iya bin ruwayar fada ya nemo Balarabe, ko ya bi masu danganta shi da Abu Yazid, ko kuma ya yi abin da masu tashe suka saba yi, ya bai wa wanda ya fi iyawa, ya nuna baƙuntarsa ta hanyar harshe da sutura. Kowace hanya ya bi, akwai waɗanda za su nemi ya yi musu bayani.

Kuma mutanen da za su nemi bayanin ba su da nisa. Rijiyar Kusugu na nan a tsakiyar Daura ana ziyartarta, ana kuma gudanar da Sallar Gani kowace shekara a watan Rabi'ul Awwal.

Daura ta bambanta da sauran manyan masarautun arewacin Najeriya da jihadin ƙarni na 19 ya shafa, domin a farkon ƙarni na 20 Turawan mulkin mallaka sun mayar da sarautar garin hannun tsohon gidan Haɓe. Daga wannan gida ne Alhaji Umar Faruk Umar ya hau gadon sarauta a 2007, gidan da ke lissafa nasabarsa har zuwa kan Bawo ɗan Bayajidda.